KUƊIN KAN SARKI A CINIKIN GONA DA GIDA

Kaka ita ce lokacin cinikin gonaki. In an yi girbi, an kai amfani rumbu, an sayar da abin sayarwa, sai wanda ya sami rara ya shiga neman inda zai ƙara eka ɗaya ko biyu, wanda bashi ya kama kuwa ya shiga neman mai saye. Yawancin irin wannan ciniki a zaure a ke ƙulla shi. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a zaga iyaka, a yi sallama, a kira mai unguwa da shaidu, a rubuta 'yar takarda kowa ya sa hannu, a raba goro a watse. Mai saye ya kan yi lissafin kuɗin gona, da la'adar dillali, da ɗan abin da zai ba shaidu, amma da wuya ya tuna akwai wani kuɗi da doka ta aza wa ita takardar. Shi ne kuɗin kan sarki. Maganarsa ba ta tashi ran ciniki. Sai ran da rigima ta kai mutum gaban Joji, ko ran da ya ɗauki takardarsa ya nufi banki neman rance, sa'an nan za a tambaye shi.

MENE NE SHI

Kuɗin kan sarki haraji ne wanda Gwamnati ke karɓa bisa takardun ma'amala, kamar na sayar da fili, da na haya, da na jingina. In an biya, sai a buga wa takardar hatimi, shi ne shaidar an biya. Sunan ya samo asali daga 'yar takardar nan ta gidan waya mai hoton kan Sarkin Ingila. Tsofaffi suna tune da zamanin da in mutum ya biya fam 2 ko fiye, akawu zai manna kan sarki a rasit ya sa hannu a bisansa. Da aka koma naira a 1973 sai fam 2 ɗin ya zama naira 4 cikin doka. Naira 50 ɗin nan da banki ke cira in an aika da naira 10,000 ko fiye ta waya, ita ma daga wannan gida ta fito.

Iri biyu ne. Akwai tsayayye, watau kuɗi guda aka yanka wa takardar, ko abin da ke cikinta babba ne ko ƙarami. Akwai kuma na gwargwadon daraja, wanda ke hawa in kuɗin ciniki ya hau. Takardar sayar da gona ko gida tana cikin iri na biyu, kuma mai saye ne ke biya.

INDA YA FITO

Mutanen Holan sun kafa shi a ƙasarsu a 1624. Ingila ta ɗauka a 1694, zamanin Sarki Wiliyam da Sarauniya Meri, domin a sami kuɗin yaƙi da Faransa. Da aka yi dokar cewa aka yi ta shekara 4 ce, ga shi yau an wuce shekara 330 ana biya. A 1765 Majalisar Ingila ta aza shi a kan mutanen Amurka, waɗanda a lokacin ke ƙarƙashinta, aka ce sai an biya a kan takardun kotu da jaridu har da karta. Mutanen suka ƙi, suka ce ba za su biya harajin da ba su da wakili wurin yanka shi ba. Aka janye dokar a 1766, amma ɓacin ran bai kwanta ba, yana cikin abubuwan da suka kai Amurka ga ɓallewa a 1776.

A 1891 Ingila ta tattara dokokinta na kan sarki wuri guda, kuma bisa wannan aka tsara dokar Nijeriya ta 1939, zamanin Gwamna Bourdillon. Dokar nan ta 1939 ta daɗe ƙwarai, ana yi mata faci bi da bi. A Janairun 2020 aka yarda da hatimin na'ura, ba lalle sai na tawada ko na manni ba. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda 4, biyu daga cikinsu, har da Dokar Haraji ta Nijeriya, suka fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026. Tsohuwar dokar kan sarki ta tafi, sha'anin ya koma cikin sabuwar Dokar Haraji ta Nijeriya.

YADDA YA KE A NIJERIYA

Kafin a zo kan kuɗi, ya kamata manomi ya san abin da ya ke saye. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna. Abin da mutum ke riƙe da shi iznin zama ne da amfani. Filin birni Gwamna ke ba da izninsa. Na ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ce, tana iya ba mutum har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya wuce nan sai da yardar Gwamna. Wanda ke riƙe da iznin Gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai Gwamna ya yarda, mai iznin ƙaramar hukuma kuma sai ita ta yarda. Wannan ba wasa ba ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wani gida da wani banki ya karɓa a Legas, domin ba a nemi yardar Gwamna ba.

Saboda haka takardar ciniki tana da ƙofa uku da za ta bi kafin ta zama cikakka. Ta fari neman yardar hukuma, ta biyu biyan kuɗin kan sarki, ta uku rajista a ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. Kowace ƙofa da nata kuɗi, kuma jihohi sun bambanta wajen abin da su ke karɓa. Mutane da yawa su kan haɗa su duka su kira su kuɗin takarda, amma ya fi kyau mutum ya san wanne ne wanne, kowanne kuma ya karɓi rasit nasa dabam.

Tsohuwar doka ta yanka kwabo 75 bisa kowace naira 50 ta kuɗin ciniki, watau kashi 1 da rabi cikin 100. A wannan lissafi, gonar da aka saya naira miliyan 20 kuɗin kan sarkinta naira 300,000 ne. Ta kuma raba aikin karɓa biyu. In ciniki tsakanin mutum da mutum ne, ofishin harajin jiha ke karɓa. In akwai kamfani a ciki, sai hukumar harajin tarayya. Sabuwar doka tana da jadawali inda aka jera kowace irin takarda, da abin da za a biya, da wanda zai biya, da waɗanda aka yafe wa. Mai sayen gona ya je ofishin harajin jiharsa da takardarsa, a duba masa ko gonarsa ta faɗa cikin na biya ko cikin na yafewa, kada ya dogara da faɗar dillali.

Wa'adin biya kwana 30 ne daga ran da aka sa hannu. Wanda ya wuce wa'adi zai biya da tara. Abin da ya fi tara nauyi kuwa shi ne, takardar da ya kamata a buga wa hatimi ba a buga ba, kotu ba ta karɓar ta shaida cikin shari'ar dukiya. Gaskiya ne rigimar gona da yawa a gaban dagaci ko alƙali ta ke ƙarewa, da bakin shaidu. Amma shaidu suna tsufa, suna ƙaura, suna mutuwa, gonar da ke bayan gari yau kuwa nan da shekara 20 tana iya zama tsakiyar unguwa, a yanka ta fulotai. A ran nan magadan mai sayarwa za su tuna da ita, magadan mai saye kuma ba su da abin kāre kansu sai takarda.

Amma fa a lura da abu guda. Hatimi shaidar biyan haraji ce kurum. In mai sayarwa ba shi da iko da gonar, kamar ɗan da ya sayar da gandun gado ba da sanin 'yan'uwansa ba, hatimi ba zai halatta cinikin ba.

YADDA INGILA KE LISSAFI

Wanda ke son ya ga yadda rangwame da ƙari ke aiki cikin wannan haraji, sai ya dubi Ingila inda dokar ta fito, gama can sun ƙawata shi da hawa hawa. Tun 1 ga Disamba, 2003, sun daina aza shi bisa takarda, sun mai da shi bisa cinikin kansa, ko da ya ke kalmar kan sarki ba ta fita daga sunan ba. Dokar tana aiki a Ingila da Ailan ta Arewa. Sikotilan ta yi tata a 2015, Wels kuma a 2018. Mai saye yana da kwana 14 bayan kammala ciniki ya kai bayani ya biya, lauyansa ne ya kan yi masa. In ya makara tarar fam 100 ce, in makarar ta wuce wata 3 ta zama fam 200, ban da kuɗin ruwa. Ofishin rajistar filaye kuma ba zai rubuta sunansa ba sai ya ga shaidar hukumar haraji.

Ga yadda kuɗin gidan zama ya ke tun 1 ga Afrilu, 2025. Fam 125,000 na fari ba a biyan kome a kansu. Daga nan zuwa fam 250,000, kashi 2 cikin 100. Daga nan zuwa fam 925,000, kashi 5. Daga nan zuwa fam miliyan 1 da rabi, kashi 10. Abin da ya haura nan, kashi 12.

Kowane hawa nasa rabo kaɗai ya ke ci. A ce gida fam 300,000 ne. Fam 125,000 na fari babu kome. Fam 125,000 na biyu, kashi 2, fam 2,500 ke nan. Ragowar fam 50,000, kashi 5, shi ma fam 2,500. Jimla fam 5,000.

Dā ba haka a ke yi ba. Kafin Disambar 2014, hawan da kuɗin gida ya faɗa shi ke cin kuɗin duka. Gidan fam 250,000 yana biyan kashi 1, watau fam 2,500. In an ƙara fam guda kacal a bisa, sai ya faɗa hawan kashi 3, ya biya fam 7,500. Fam guda ya jawo fam 5,000. Saboda haka gidaje suka riƙa cunkushewa a bakin iyaka, ba mai son ya ƙetare, waɗansu kuma suna ɓoye ragowar kuɗin cikin sunan labule da kujeru. Shi ya sa aka sake tsarin.

RANGWAME

Babban rangwame shi ne na mai sayen gidansa na fari, wanda aka kafa a Nuwambar 2017. Yadda ya ke tun Afrilun 2025, ba ya biyan kome har fam 300,000, daga nan zuwa fam 500,000 kuma kashi 5. Gidan fam 500,000 zai biya fam 10,000, maimakon fam 15,000 da sauran mutane ke biya. Amma in kuɗin gida ya wuce fam 500,000, rangwamen duka ya faɗi, ya koma kamar kowa.

Sharuɗɗansa suna da tsauri. Lalle ne mutum ya yi niyyar zama cikin gidan da kansa. Lalle ne bai taɓa mallakar gidan zama ba a ko'ina cikin duniya, ko da gado ya ci. In mutum biyu suka haɗu suka saya, sai dukansu biyu sun cika sharaɗin. Watau ɗan Zariya da ke aikin asibiti a Ingila, in ya taɓa cin gadon gida a Tudun Wada, ba shi da rabo cikin wannan rangwame.

Akwai kuma inda ba a biya sam. Gado ba a biya a kansa. Kyauta ta tsakani da Allah, wadda ba a karɓi kome a madadinta ba, ita ma haka. Rabon gida tsakanin miji da mata in aure ya mutu, shi ma haka. Sai dai in gidan kyautar yana da bashin banki a kansa, wanda aka ba ya ɗauki bashin, to, bashin nan a wurin doka kuɗin ciniki ne, za a lissafa haraji a kansa.

ƘARI

Ƙari iri uku ne, kowanne da wanda aka nufa da shi.

Na fari na mai sayen gida bisa gida ne. An kafa shi a Afrilun 2016 da kashi 3, aka ɗaga shi zuwa kashi 5 ran 31 ga Oktoba, 2024. Ana aza shi bisa kuɗin gidan duka, tun daga fam na fari, in dai gidan ya kai fam 40,000. Gidan da mutum ke da shi a wata ƙasa ana lissafa shi in darajarsa ta kai wannan adadi, miji da mata kuma ɗaya a ke ɗaukarsu. Wanda ke sāke gidan zamansa ne kurum, ya sayi sabo kafin tsohon ya sami mai saye, zai biya ƙarin tukuna, in ya sayar da tsohon cikin shekara 3 a mayar masa.

Na biyu na wanda ba mazaunin ƙasar ba ne, kashi 2, tun Afrilun 2021. Abin da a ke dubawa kwana ne. Wanda bai yi kwana 183 cikin ƙasar ba a wata 12 kafin ciniki, baƙo ne wurin wannan doka, ko da fasfonsa na Ingila ne. Bature mazaunin Kaduna zai biya, Bakano mazaunin Landan ba zai biya ba.

Na uku na kamfani ne. Kamfanin da ya sayi gidan zama na fiye da fam 500,000 ana iya aza masa kashi 17 bisa kuɗin duka. An yi haka ne domin masu ɓoye gidajensu cikin sunan kamfani. Amma an keɓe gidan gona wanda ma'aikacin gona ke zaune a ciki, in dai noman na sana'a ne.

Yanzu a koma ga gidan nan na fam 300,000, a ga abin da mutum huɗu za su biya a kansa. Mai sayen fari, ba kome. Mai sāke gidan zama, fam 5,000. Mai ƙara gida bisa nasa, fam 5,000 da ƙarin fam 15,000, watau fam 20,000. Attajirin da ke zaune a Kano, yana da gidansa na daraja a can, ya aiko a saya masa, za a ƙara masa fam 6,000 a bisa wannan, ya zama fam 26,000. Gida ɗaya, kuɗi ɗaya, amma haraji ya tashi daga babu ya kai fam 26,000, gwargwadon wanda ya saya.

GONA CE KO GIDA NE

Nan ne maganar ta shafi manoma. Gona, da daji, da shago, da ma'aikata, duk ba sa cikin lissafin gidan zama. Nasu hawa uku ne rak. Fam 150,000 na fari babu kome, daga nan zuwa fam 250,000 kashi 2, abin da ya haura kashi 5, ko nawa ne. Ƙarin gida bisa gida da ƙarin baƙo kuwa ba su taɓa su. In kuma an sayi gona da gidan manomi a cikinta ciniki guda, ana ɗaukar abin gauraye ne, a lissafa shi duka da lissafin gona.

Bambancin ba kaɗan ba ne. A ce wuri ne na fam miliyan 2. In an ɗauke shi gona, harajinsa fam 89,500. In an ɗauke shi gidan zama mai faɗin fili, fam 153,750. In mai sayen yana da wani gida, a ƙara fam 100,000 bisa wannan. Saboda haka masu sayen manyan gidajen ƙauye suka shiga da'awa cewa filin bayan gidansu gona ce, ko makiyaya ce, ƙararraki suka yi yawa tsakaninsu da hukumar haraji. A 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke cewa faɗin fili kaɗai ba ya fid da shi daga harabar gida. Abin da kotuna ke dubawa shi ne amfanin da a ke yi da wurin a lokacin ciniki, ko ana nomansa don sayarwa, ko wani makiyayi na haya yana kiwo a ciki, ko kuwa wurin shan iskar mai gida ne kurum.

Wani abu kuma, harajin na ƙasa ne da abin da ke kafe a kanta. Tarakta, da shanu, da tumaki, da hatsin da ke cikin sito, ba sa ciki. In an sayi gona da kayanta, sai a ware kuɗin kayan dabam. Amma lalle rabon ya zama na gaskiya. Wanda ya rubuta tsohuwar garma da kuɗin sabuwar mota domin ya rage na gona, hukuma za ta sāke lissafi ta ci shi tara.

RANGWAMEN SAMARIN MANOMA

Waɗansu ƙasashe sun lura manomansu suna tsufa, samari kuwa ba su da ƙarfin sayen gona, sai suka mai da wannan haraji abin jawo su. A Jamhuriyar Ailan kuɗin kan sarkin gona kashi 7 da rabi ne tun Oktobar 2019. Amma saurayin da bai kai shekara 35 ba, yana da takardar shaidar koyon aikin gona, an yafe masa, bisa sharaɗin zai riƙe gonar shekara 5, yana ba ta aƙalla rabin lokacin aikinsa. In ya saɓa, a karɓe abin da aka yafe. Gonar da ta tashi daga hannun ɗan'uwa zuwa ɗan'uwa na jini kuma kashi 1 a ke karɓa, in za a ci gaba da nomanta.

A jihar Biktoriya ta Ostareliya, manomin da bai kai shekara 35 ba, in gonarsa ta fari zai saya, ba ya biya har dalar ƙasar 600,000, daga nan zuwa 750,000 kuma ana rage masa. Gonar iyali da uba ya sallama wa ɗa ko wani dangi an yafe mata. Baƙon da ya zo sayen gidan zama kuwa ana ƙara masa kashi 8.

Duk wannan ya nuna rangwame da ƙari linzami ne a hannun Gwamnati. Wanda ta ke so ya shigo ta sassauta masa, wanda ta ga yana tsadar da gidaje ta ja shi baya.

ILLARSA

Masana tattalin arziki da yawa ba sa ƙaunar wannan haraji. Hujjarsu ita ce, ba a biyansa sai dukiya ta sāke hannu, saboda haka yana hana ta sākewa. Tsoho ya zauna cikin gidan da ya fi ƙarfinsa, gona ta zauna hannun wanda ba ya iya nomanta, domin kowane motsi da kuɗinsa. A 2011 wani kwamitin masana a Ingila ƙarƙashin James Mirrlees ya ba da shawara a soke shi, a koma ga harajin shekara shekara bisa darajar gida. Ba a bi shawarar ba, gama haraji ne mai sauƙin karɓa, tun da ya ke mai saye ba shi da hanyar rajista sai ya biya.

An ga ƙarfinsa a fili lokacin annobar korona. Daga 8 ga Yuli, 2020, zuwa ƙarshen Yunin 2021, Ingila ta yafe shi har fam 500,000. Mutane suka yi rububin saye, ciniki ya yi yawa ƙwarai a watan Yuni da wa'adi zai cika, da Yuli ya kama sai ya faɗi warwas. Kuɗin gidaje kuma ya hau a wannan tsakani, har ya zama wani rabo na abin da aka yafe wa mai saye aljihun mai sayarwa ya shiga.

A ƙasashen da kuɗin takarda ya yi nauyi, ko hanyarsa ta yi tsawo, illar wata iri ce. Mutane su kan ƙi zuwa ofis ɗungum, gona ta bi hannu uku ko huɗu ba a rubuta ba, ran da na biyar ya so yin rajista ya tarar sunan da ke littafi na wanda ya rasu tuntuni ne.

ABIN DA MAI SAYE ZAI KIYAYE

Na ɗaya, tun kafin a yi sallama ya sa kuɗin takarda cikin lissafinsa, watau na yardar hukuma, da na kan sarki, da na rajista, da ladan safiyo da na lauya. Wanda ya juye aljihunsa duka wurin mai sayarwa, takardarsa a ƙarƙashin katifa za ta tsufa.

Na biyu, ya bincika asalin gonar. In ta gado ce, magada duka su sa hannu, har da mata. In jingina ce ko aro a hannun mai sayarwa, ba tasa ba ce balle ya sayar. Ya tambayi maƙwabtan iyaka, ya tambayi dagaci, in tana da takardar Gwamna ya sa a duba littafin ofishin filaye.

Na uku, a rubuta kuɗin gaskiya. Waɗansu su kan saya naira miliyan 20 su rubuta miliyan 8 domin haraji ya ragu. Ofis yana da ikon yi wa wurin kima da kansa. Ban da wannan, in ciniki ya warware kotu ta ce a mayar wa mai saye kuɗinsa, abin da ke rubuce shi ne hujja. Mutum ya tsere wa naira 180,000 ya jefa miliyan 12 cikin hatsari, araha ba ta ado.

Na huɗu, ya biya cikin kwana 30, a asusun Gwamnati, ya karɓi rasit da sunansa. Kada ya danƙa kuɗin ga wani mai jiran ƙofar ofis wanda ya ce zai gama masa kome.

Na biyar, ya tambaya ko akwai rangwamen da ya cancanta. A ko'ina cikin duniya rangwame sai an nema a ke bayarwa, ƙari ne ke zuwa da kansa.

Na shida, in takarda ta cika, ya yi mata hoto biyu ko uku, ya ajiye ta asali inda gara da ruwa da gobara ba za su kai gare ta ba, ya kuma sanar da babban ɗansa da uwargidansa wurin da ta ke. Wanda ke da tsohuwar takardar ciniki da ba a buga wa hatimi ba, gara ya kai ta yanzu ya biya da tararta, tun mai sayarwa da shaidu suna da rai.